Furotin a cikin cunkoso: littafin aikina

14 ga Oktoba, 2024

Yau Malam ya amince da maudu'in. Bai ja zance ba, haka halinsa yake. Ya jawo wata tsohuwar takardar jarrabawa, ya juya bayanta, ya rubuta lambobi uku a jere: 87, 27, 7.7. Ya turo mini ita ya ce, “Je ki nemo mini inda sauran suka shige.”

Lambobin ukun duk na furotin ɗaya ne, GFP, koren nan mai ƙyalli da Osamu Shimomura ya fara tacewa a 1962 daga jikin wata halittar teku mai siffar lema. Masu bincike na sonsa don da fitilarsa yake yawo: ka haska masa shuɗin haske, ya mayar maka da kore, ka san inda yake. Ana auna saurin bazuwarsa, wato yaɗuwar da yake yi da kansa a cikin ruwa, da murabba'in maikuromita a kowace daƙiƙa, maikuromita kuwa milimita ce aka raba dubu. A tsurar ruwa 87 yake yi. A cikin tantanin dabba (tantani shi ne ƙwayar halittar da aka gina jiki da ita), awon da aka yi a ɗakin binciken Alan Verkman a 1997 ya ba da wajen 27. A cikin bakteriyar E. coli, Michael Elowitz da abokan aikinsa sun samu 7.7 a 1999. Furotin dai shi ne, bai sauya ba, amma bai kai kashi ɗaya cikin goma na gudunsa na ruwa ba.

Ka tambayi kowa dalili, zai ce maka cunkoso. Kuma akwai gaskiya a ciki. Zanen tantanin da muka haddace a sakandare ya cuce mu, ya nuna mana jakar ruwa da 'yan tarkace biyar suna iyo. Zimmerman da Trach sun ƙiyasta a 1991 cewa kowace lita ta ruwan cikin E. coli na ɗauke da giram 300 zuwa 400 na furotin da RNA, wani sinadari ɗan'uwan DNA. Farin ƙwai, da duk yauƙinsa, wajen giram 100 yake da shi. Manyan ƙwayoyin nan sun cinye kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na filin.

Tambayata ita ce ko tare hanya kaɗai ya isa ya sauko da 87 zuwa 7.7. Su masu kayan aiki da hasken lesa suke awon: su ƙone hasken GFP a wani gefe na tantanin, su tsaya su ga daƙiƙa nawa za a ɗauka kafin masu haske daga ɗaya gefen su cike gurbin. FRAP ake ce wa dabarar, tun 1976 ake amfani da ita. Mu ba mu da wannan na'ura. Abin da nake da shi laftof ce mai shekara biyar, don haka kwaikwayo zan gina: akwati, ƙwallaye a ciki, in dinga ƙara musu cunkoso ina aunawa.

29 ga Oktoba

Na ce ba zan kwaikwayi abin da ban taɓa gani da idona ba. Furotin ya yi ƙanƙanta ga madubinmu na ƙara girman gani, amma ƙwayoyin maiƙon madara ba su yi ba. Na je wajen Baba mai kula da ɗakin gwaji da madara iri biyu, ta shanu da na saya da safe da kuma ta gwangwani.

“'Yata, yau kuma shayi za mu haɗa?” in ji shi.

Na ce, “Rawa za mu kalla, Baba.”

Muka tsarma ɗigo ɗaya a cikin ruwa mai yawa har ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, muka ɗiga a gilashi, muka rufe da murfinsa, muka ƙara girman gani sau 400. Da farko komai gudu yake yi gefe guda, kamar kwata bayan ruwan sama. Har na fara murna. Baba ya leƙa ya ce wannan ba rawa ba ce, ruwan ne ke bushewa ta bakin murfin yana jan komai. Ya buɗe aljihun teburinsa ya ɗauko kwalbar basilin, ya lakato da tsinken ashana, ya zagaye bakin murfin da shi. Muka jira minti biyar.

Sai ga shi. Kowane ɗigo yana karkarwa a inda yake, ya ɗan matsa hagu, ya dawo, ya yi sama, ya tsaya kamar ya fasa, ya sake zabura. Ba ya hutawa, ba ya kuma zuwa ko'ina. Na madarar shanu manya ne, da ƙyar suke jijjiga, kamar dattawa a wurin biki. Na gwangwani ƙanana ne saboda injin kamfani ya farfasa su, su ne ke ta tsalle. Na ɗaure wayata a bakin madubin da robar kuɗi na ɗauki bidiyo na minti biyu.

Baba ya daɗe da idonsa a kan madubin. Da ya ɗago sai ya ce, “Waɗannan da rai.” Na yi dariya, amma Robert Brown ma abin da ya fara zato ke nan a 1827, lokacin da ya ga 'yan ƙwayoyin da ke fita daga garin furanni suna wannan motsi a ruwa. Sai da ya gwada da garin gilashi da na duwatsu, har da ɓarɓashin gunkin nan na Masar mai jikin zaki, ya ga duk suna yi, sannan ya saki zancen rai. A 1905 Einstein ya ba da lissafin: ƙwayoyin ruwan da ba a gani su ne ke dukan ɗigon ta kowane gefe, dukan kuwa ba ya taɓa yin daidai wa daida. Jean Perrin ya auna a Faransa bayan 'yan shekaru ya tabbatar.

Lissafin mai sauƙi ne. Zafi na ƙara gudu, kaurin ruwa da girman ƙwallo na rage shi. Na saka ƙwallo mai faɗin maikuromita ɗaya, ya ba ni 0.5. Na saka girman GFP, ya ba ni 80 da wani abu. Doka guda ke tafiyar da ɗigon madara da furotin.

12 ga Nuwamba

Bazuwa tafiyar kaza ce a tsakar gida, taku nan taku can. Shi ya sa in nisa ya ninka biyu, lokaci huɗu yake ninkawa, in ya ninka goma, lokaci ya ninka ɗari. Na zauna da kalkuleta. GFP zai ratsa tsawon E. coli, maikuromita 2, a wajen rubu'in daƙiƙa. Tantanin mutum mai faɗin 20, wajen daƙiƙa bakwai. Jijiyar saƙon da ta taso daga ƙashin baya ta sauka har babban yatsan ƙafa kuwa ta kai mita guda, furotin da ya dogara da bazuwa sai ya shekara fiye da 500 a hanya. Don haka jijiya ke da 'yan dakonta, irin su kainesin, mai taka nanomita 8 (nanomita maikuromita ce aka raba dubu) a kowane taku a kan wata igiya ta cikin tantani, ya kai kaya cikin kwanaki.

Watau ga bakteriya, ko da an rage gudu sau goma, saƙo na isa da wuri. Ƙila shi ya sa ta iya cusa kaya haka ba tare da ta cutu ba.

3 ga Disamba

Manhajar ta tashi. Python na yi amfani da shi. Ƙwallaye 500, kowace rabin faɗinta nanomita 2.5, kusan girman GFP. In ina son su cinye kashi 30 na fili, akwatin zai zama nanomita 48 ta kowane gefe. Akwatin ba shi da bango: wadda ta fita ta dama sai ta shigo ta hagu, don kada gefe ya ɓata awo. A kowane taku kwamfuta na ba kowace ƙwallo tunkuɗa ta kan mai uwa da wabi, sannan ta duba ko biyu sun hau juna ta raba su.

Na fara da takun lokaci na nanodaƙiƙa ɗaya, wato daƙiƙa aka raba biliyan. A wannan ɗan lokaci ƙwallo kan matsa wajen nanomita 0.4 ta kowace fuska, ashe ya yi yawa. Biyu suka nutse cikin juna, ƙarfin rabawar ya harba su, suka buge na kusa, cikin ƙiftawar ido akwatin ya tarwatse kamar an jefa dutse cikin tantabaru. Na rage takun sau goma, suka natsu. Kuɗin natsuwar shi ne taku 100,000 kafin in ga abin da ke faruwa a maikurodaƙiƙa 10 kacal (maikurodaƙiƙa daƙiƙa ce aka raba miliyan). Kwana biyu na yi ina gyara yadda kowace ƙwallo za ta dinga duba maƙwabtanta kawai maimakon duk 499.

Gwajin farko: na kashe karo tsakaninsu, na bar su su ratsa juna na ɗan gajeren lokaci. Manhaja ta dawo mini da 87 ɗin da na ba ta. Alhamdu lillahi.

19 ga Disamba

Zan rubuta wannan don kada in manta, ko da yake na fi son in manta.

Shekaranjiya aikin farko mai tsawo ya kammala. Na zana nisan da ƙwallaye suka yi a kan lokaci. A bazuwa ta al'ada layin miƙe yake hawa. Nawa ya hau, ya lanƙwasa, ya kwanta. Ni kuwa makon nan kaf karatun bazuwa mai tawaya nake yi, wadda masu awo ke cewa suna gani a cikin tantani, inda nisa ke ƙaruwa a hankali fiye da yadda Einstein ya ce. Zuciyata ta ce ga ta nan a akwatina. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare na tura wa Malam hoton ta WhatsApp, har da rubuta “Ranka ya daɗe, ina ganin mun samu wani abu.”

Bai amsa ba sai bayan asuba. Tambaya ɗaya: “A wace lamba ya kwanta?” Na duba na ce wajen 576. Ya ce, “Ki ninka 48 da kanta, ki raba huɗu.”

576.

Akwatina na auna, ba cunkoso ba. Wajen lissafin nisan da ƙwallo ta yi daga mafarinta, na yi amfani da sashen manhajar da ke nemo hanya mafi kusa tsakanin wuri biyu, wanda na rubuta don duba karo. Ƙwallon da ta fita ta dama ta shigo ta hagu sai a ce ta dawo gida, alhali ci gaba ta yi. Ba wadda za ta taɓa wuce rabin akwati. Gwajin 3 ga wata bai kama kuskuren ba saboda ya yi gajarta, babu wadda ta yi nisa. Layi huɗu na gyara a rubutun manhajar. Da na shiga ofishinsa kaina a ƙasa, bai ko ambaci zancen ba, sai ya tambaye ni ko na ci abinci. Wannan ya fi faɗa ciwo.

8 ga Janairu, 2025

Hazo ya rufe gari, fankar laftof na kuka kamar injin markaɗe. Sau biyu ana ɗauke wuta batir ya mutu aiki na tsaka. Yanzu manhaja na ajiye inda ta tsaya bayan kowane taku 5,000.

Sakamako na gaskiya ya fito. A cikar kashi 10, gudu ya koma wajen kashi 80 cikin ɗari na asali, daidai da abin da lissafin littafi ya ce ga ƙwallaye masu tauri, wannan ya kwantar mini da hankali cewa manhajar ba ta sake yaudarata ba. A kashi 30 ya koma kusan rabi. Na matsa har kashi 40, fiye da abin da ake tsammani a E. coli, ya tsaya wajen sulusi. Layin kuma a miƙe yake, ba tawaya.

Rabin 87 arba'in da 'yan kai ne. Tsakaninsa da 7.7 akwai tafiya.

27 ga Janairu

Na yi zaton laifin daidaiton girma ne, tunda a tantani ba kowa ne tsaran GFP ba. Akwai raibosom, injin ƙera furotin, mai faɗin nanomita 20 da ɗoriya, kuma E. coli mai saurin girma na ɗauke da dubun dubatarsu. Na cire wasu ƙananan ƙwallaye na zuba manya a madadinsu, na bar jimillar cikar a kashi 30. Na tabbata gudu zai faɗi.

Ƙaruwa ya yi. Na shafe yini ina neman wani sabon kuskure, babu. Da yamma a hanyar gida na gane. Mai tafiya a ƙasa ya fi saurin ratsa filin da tireloli goma suka tsaya fiye da filin da a-daidaita-sahu ɗari biyu suka cika, ko da ƙasar da suka rufe ɗaya ce. Babban abu yana tattara girmansa wuri guda, ya bar lunguna masu faɗi. To gyaran da na kawo don ya kusantar da ni ga 7.7 nisanta ni ya yi.

Na koma karatu, na tarar wasu sun riga ni cin karo da wannan bango, kuma da kwamfutocin da suka fi tawa nesa ba kusa ba. A 2010 Sean McGuffee da Adrian Elcock na Jami'ar Iowa a Amurka sun gina ruwan cikin E. coli da nau'in manyan ƙwayoyi wajen 50, kowanne da siffarsa ta ainihi, ba ƙwallo ba. Da tare hanya kaɗai GFP ɗinsu bai yi jinkirin da ake gani a awo ba. Sai da suka ƙara ɗan manne tsakanin furotin da furotin, suka dinga murɗa ƙarfinsa har lambar ta zo daidai. A wannan shekarar dai Tadashi Ando da Jeffrey Skolnick na Georgia Tech suka zo ta wata ƙofar. Suka ce an manta da ruwan kansa. Duk furotin da ya motsa sai ya ture ruwan gabansa ya jawo na bayansa, ruwan kuma ya ja maƙwabta, su ma su ja shi, kamar mutane da yawa a ƙaramin kududdufi. Da suka saka wannan jan ruwa tare da tare hanya, suka samu raguwar sau goma ba tare da wani manne ba.

Bayani biyu, lamba ɗaya. Ni dai na fi karkata ga na biyun a ka'ida, domin wanda ya murɗa maɓalli har amsa ta fito bai yi hasashe ba, dacewa ya nema. Amma ba zan ce na farkon sun yi kuskure ba, don fatar furotin ba ta ƙwallon roba ba ce. Akwai caji a jikinta, akwai wuraren da ke gudun ruwa. A ce dubban irinsu na gogar juna ba wanda ya ɗan riƙe wani, wannan ma da wuyar yarda.

15 ga Fabrairu

Mako guda ban taɓa aikin ba. Ɗan yayata mai sikila ya kwanta asibiti, ciwon ƙafa da baya, an yi ta ƙarin ruwa. Ya samu sauƙi, yau aka sallamo shi.

A kujerar jinya na karanta tarihin kalmar da nake ta amfani da ita. Ashe maganar cunkoson manyan ƙwayoyi daga jini ta samo tushe. Allen Minton, wanda ya yaɗa kalmar a farkon shekarun 1980, da himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini, ya fara, shi da Philip Ross, a 1977. Jan tantanin jini buhun himogulobin ne, wajen giram 330 a lita, cunkoso irin na E. coli amma kusan furotin ɗaya tak. A mai sikila an sauya bulo ɗaya cikin ginin furotin ɗin, a gurbi na shida na sarƙar beta, sai ya samu wani ɗan tabo mai manne. In iskar oksijin ta bar shi, tabon wannan ya kama jikin wancan, su yi dogayen sanduna, tantani ya lanƙwashe kamar lauje ya toshe ƙananan hanyoyin jini. Cunkoso shi ke ingiza su, domin a wurin da fili ya yi ƙaranci, haɗewa wuri guda na samar wa kowa sarari.

Abin da ya tsaya mini a rai aikin Hofrichter da Ross da Eaton ne na 1974. Sun ga sandunan ba sa fitowa nan take, akwai ɗan jinkiri, kuma jinkirin ya rataya a kan kaurin himogulobin ninki bisa ninki har wajen sau 30. Na buga a wayata: 1.08 in aka yi ta ninka ta da kanta har sau 30, tana ba da 10. Watau a tsarma da kashi 8 cikin ɗari kawai, jinkirin ya ninka goma. Tantanin jini kuwa wajen daƙiƙa guda yake yi a ƙaramar hanya kafin ya fita. In ya fita kafin sanduna su kafu, ya tsira a wannan zagayen. Na dubi ledar ruwan da ke ɗiga a hannun yaron. Ba na cewa lissafin gilashin gwaji ya bayyana duk abin da ke faruwa a jikinsa, amma yanzu na san abin da ke ƙarƙashin nacin likitoci na kada a bar shi da ƙishirwa.

Yaya ta tambaye ni me nake karantawa haka. Na ce aikin makaranta. Ta ce, “Ke dai Allah ya sa ki gama ki huta.”

22 ga Maris

Azumi ya yi nisa, Hajiya ta ja ni Kantin Kwari sayen kayan Sallah. Cunkoson ba a magana, kafaɗa da kafaɗa, 'yan dako da diloli a kai suna “hanya, hanya!” Layin da muka shiga, da ni kaɗai ce, ko da wannan cikar, minti biyar ya ishe ni in fita. Da Hajiya mun fi rabin awa. Ba wanda ya tare mata hanya fiye da yadda aka tare mini. Gaisuwa ce. Wannan ɗan ƙawarta ne, wancan a wajen mahaifinsa ta sayi lefen yayana, wata kuma tare suka yi Makka. Ina gajiya, ya ibada, ya yara, a gaida mutan gida. Ba inda ta kai minti biyu, amma ba shago biyar da za ta wuce ba a tsayar da ita ba.

Ina riƙe da ledar atamfa ina tunanin gwajin da ɗakin binciken Bert Poolman na Groningen a ƙasar Holan ya wallafa a 2017. Sun ɗauki GFP suka sauya cajin lantarkin fatarsa, daga 30 na korau (−) har zuwa 25 na tabbatau (+), girma bai sauya ba. Masu cajin korau da marasa caji suka yi tafiyarsu. Masu tabbataccen caji mai yawa suka yi jinkiri har sau ɗari a E. coli, domin raibosom cike yake da RNA mai cajin korau, korau da tabbatau kuwa jan juna suke yi, kowanne suka gifta sai ya riƙe musu riga. GFP na asali cajinsa ɗan korau ne, haka ma akasarin furotin na ruwan cikin E. coli. Kamar tantanin ya zaɓi ya cika kasuwarsa da waɗanda ba sa tsayawa dogon gaisuwa.

Misalin yana da iyaka, na sani. Hajiya ta san inda za ta, furotin bai sani ba. Amma ya ba ni abin da zan saka a manhaja: riƙo gajere, mai saurin saki, amma mai yawan aukuwa.

9 ga Afrilu

Na saka mannen. Ƙarfinsa nake aunawa da ƙarfin tunkuɗar zafi, tunda su biyun ke kokawa. In ya yi rauni, ba abin da ke sauyawa. In na ɗan ƙara, gudu ya fara sauka. In na ƙara kaɗan a kan haka, sai akwatin ya yi gudaji kamar kokon da ba a dama da kyau ba: ƙwallaye su cure gefe guda, ɗaya gefen ya zama fili fetal. Tsakanin “ba komai” da “gudaji” ƙofar siririya ce ƙwarai. A cikinta zan iya fitar da kowace lamba nake so, har da 7.7. Na fitar da ita ma, na kalle ta, ban ji daɗin komai ba. Abin da na zargi mutanen Iowa da shi a Janairu shi na yi.

Zafin gari ya kai intaha. Na sake ɗora madarar gwangwani a madubi da rana tsaka, a idona rawar ta fi ta Oktoba zafi, ko da yake ido ba ma'auni ba ne. Lissafi dai ya goyi baya: kaurin ruwa a digiri 37 wajen kashi 70 cikin ɗari ne na kaurinsa a digiri 20. Dole in dinga rubuta zafin ɗaki a gefen kowane bidiyo, abin da ban yi ba a baya.

Akwai kuma abin da akwatina ba shi da shi ko kaɗan, shi ne rai. A 2014 ɗakin binciken Christine Jacobs-Wagner na Yale ya nuna cewa in aka yanke wa bakteriya makamashi, abubuwan da suka haura wajen nanomita 30 sai su maƙale a inda suke kamar a cikin gilashi, ƙananan furotin kuwa su ci gaba da yawo. Da makamashi ya dawo, sai manyan su sake motsi. Aikin tantani na yau da kullum shi ke girgiza cunkoson ya hana shi daskarewa. Na gaya wa Baba wannan, ya ce ai tun Oktoba ya faɗa mini da rai. Na ce nasa madara ce. Ya ce shi dai ya faɗa.

24 ga Afrilu

Na kai wa Malam rahoton wata shida. Na ce masa tare hanya ya ci rabin gudun, sauran kuwa ina da masu laifi biyu, manne da jan ruwa, kuma lamba ɗaya ba za ta raba mini gardamarsu ba. Ya ce, “To ki daina tambayar lamba ɗaya.”

Ga abin da muka tsayar. Ando da Skolnick sun lura cewa bayanan biyu sun sha bamban a kan girma: in manne ne, babban furotin zai yi jinkiri fiye da ƙarami sosai, domin fatarsa ta fi faɗi, masu riƙe shi sun fi yawa. In jan ruwa ne, bambancin ba zai kai haka ba. Zan saka 'yan leƙen asiri, wato ƙwallayen awo, masu girma uku a akwatin, rabin faɗi nanomita 2.5 da 5 da 10, in auna kowanne a ƙarƙashin kowane bayani, sannan in gwama da awon da aka wallafa na furotin masu girma daban-daban a E. coli.

Matsalar jan ruwa ita ce kowace ƙwallo tana jin kowace, ba maƙwabta kaɗai ba. Ƙwallo 500 na nufin jadawali mai layi 1,500 da ginshiƙi 1,500 da za a warware a kowane taku, ga taku 100,000. Laftof ɗina ba za ta kai labari ba. Malam ya ce zai yi magana da wani abokinsa a sashen lissafi da ke da babbar kwamfuta, amma kada in zauna jira. Gobe zan rage su zuwa 100 in ga awa nawa taku dubu zai ci. In akwatin ya yi ƙanƙanta har babbar ƙwallon ta fara jin jan ruwan kanta ta ɗaya gefen, to wannan wata sabuwar rigimar ce, sai in nemo gyaran da masu wannan fanni ke yi mata.

Baba ya aiko a ce mini in taho da wani gwangwanin madara ranar Litinin, 'yan aji biyu sun ji labari suna son su gani. Basilin ɗinsa ma ya kusa ƙarewa.